Zaituna da Shafi na Tara

Akwai wani bawan Allah a Alƙahira, Malam Sharhabilu, mutumin Damagaram, mai karatun digiri na uku a fiƙihu. Allah ya ba shi hadda. Baiti dubu na nahawu yana kansa, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

'Yarsa Zaituna, mai shekara goma sha huɗu, ta tsallake jarrabawar farko a wata makaranta da ke unguwar Ma'adi, mai bin tsarin karatun Amurka. Gurbin karatu kyauta ɗaya ne tak, yara biyar ke nema. Abin da ya rage shi ne tambayoyin baka a kan tarihin Amurka da tsarin mulkinta. Aka ba su ɗan littafi mai shafi ashirin, aka ce su dawo bayan wata guda.

Maƙwabciyarsu a unguwar Giza, Nuha, Bahaushiyar Sudan ce mai koyar da Turanci. Ita ta fara zama da yarinyar a kicin.

"Amurkawa sun sha wuya a hannun sarkin Ingila," in ji Nuha. "Da suka samu 'yanci sai suka raba iko uku: majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta duba. Don me, a ganinki?"

Zaituna ta ce, "Don kada mutum ɗaya ya cinye tukunyar shi kaɗai?"

Suka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta fito da Malam daga ɗaki.

"Karatu ake ko hira? Khalas, ya isa haka, Malama Nuha, mun gode."

"Ma'alish, yi haƙuri ya Ustaz, mutanen nan fa ba tilawa za su nema ba."

"Ni za ki koya wa yadda ake karatu?"

Nuha ta ɗauki mayafinta ta fita.

Daga ranar, kullum bayan asuba shafi ɗaya. Zaituna na rerawa kamar baitoci, Malam na bin layi da yatsa, alhali Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. In ta tambayi ma'ana sai ya ce, "Haddace tukuna, ma'ana tana tafe." Cikin sati uku ta haddace littafin daga bango zuwa bango. Har abokai ya tara suka saurara, ana ta ma sha Allah.

Ranar tambayoyi aka bar iyaye su zauna a baya, ban da magana. Malamar da ke tambaya ta yi murmushi, ta ce da Turanci:

"Majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu. Shi ke nan dokar ta mutu?"

Zaituna ta shiga lalube a ƙwaƙwalwarta. Ta san amsar tana cikin kanta, amma ba ta san ta inda za ta kamo ta ba. Can ta ce, "Malama, ki ba ni farkon layin."

"Babu layi, 'yata. Faɗa min da bakinki kawai."

Yarinya ta waiwayo ta dubi mahaifinta. Wallahi har ni mai ba ku labarin nan abin yana ci min rai. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba yana zaune, hula a hannu, ba abin da zai iya yi mata. Zaituna ta rufe ido ta faro tilawa daga shafin farko. Tana shafi na biyu lokaci ya ƙare. Nan take aka sanar da wanda ya samu gurbin, ba ita ba ce.

A jirgin ƙasa na metro, kan hanyar gida, leɓunan Zaituna na ta motsi, tana ci gaba da tilawar. Suna isa tashar Sayyida Zainab ta ja hannun rigar mahaifinta, hawaye na zuba.

"Baba, na iso wurin. Shafi na tara ne. In kashi biyu cikin uku na majalisa suka sake amincewa, doka ta zauna ko bai sa hannu ba. Mu koma in faɗa mata?"

Malam Sharhabilu ya dubi ƙofar jirgin. Ƙofa ta rufe, jirgi ya ci gaba.

Darasi: Hadda baiwa ce, amma ba kowane ilimi ke shiga ta ƙofarta ba. In yaronka ya tambayi ma'ana, tsaya ka amsa, in ba ka sani ba, kada girman kai ya sa ka kori wanda ya sani. Ku tura wa duk uban da ke da ɗa mai shirin jarrabawa.