Inuwar da Madam Fosta Ta Zaɓa

Akwai wata matashiya da aka ɗauka aikin talla da shirya taruka a wani gandun shaƙatawa na gwamnati. Ma'aikata na kiranta Madam Fosta, don ko sabuwar hula ka sa sai ta karkata kai ta ce, "Wannan zai yi kyau a fosta."

Wata shida aka ba ta na gwaji. Darakta bai ɓoye mata ba: in ta jawo makarantu suka fara kawo yara yawon buɗe ido, za a tabbatar da ita. In ba haka ba, ta ajiye makullin ofis.

Sai ta shirya liyafa, ta gayyaci shugabannin makarantu talatin. Ta zaɓi gindin wata ƙatuwar bishiya a bakin tafki. Ga inuwa, ga ƙasa tas kamar an lashe.

Ana gobe taro, tana tsaye kan takalmi mai tsini tana nuna inda za a jera tebura, sai ga dattijon da ke share wurin. Shekararsa ashirin da biyu yana wannan aiki.

Ya ce, "'Yata, ƙarfe nawa ne taron?"

"Biyar na yamma."

"Da kin mayar da shi uku, ko ki matsa zuwa rumfar can. Da yamma balbelu na dawowa bishiyar nan."

Ta tafa hannu. "Tsuntsaye? Ai su nake nema! Za su yi kyau a hoto."

"Ba ɗaya ko biyu ba ne, 'yata."

Ta ɗaga tabarau zuwa goshi. "Baba, don Allah. Digiri fa na yi a kan aikin nan. Kai dai ka yi shara, tunanin ka bar mana."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ya ja tsintsiyarsa.

Ita Madam tara take zuwa ofis, huɗu take tashi. Ba ta taɓa ganin bishiyar da yamma ba. Tsabtar da ta ruɗe ta kuwa, Baba ne ke wanke wurin da tiyo kullum kafin kowa ya iso.

Ranar taro aka shimfiɗa fararen ƙyalle a tebura. Darakta ya miƙe cikin fararen kaya, ya gyara murya: "A madadin ni kaina da ɗaukacin ma'aikata..."

Biyar da rabi balbela ɗaya ta sauka. Baƙi suka ce masha Allah. Sai goma. Sai sama ta yi fari fat.

Ɗis! A kan takardar jawabin Darakta. Ɗis! A kafaɗarsa. Daga nan babu farantin da ya tsira.

Wata shugabar makaranta ta kifa jaka a ka, ta ce, "Malama, wannan ce iska mai tsabtar da kika rubuta a katin gayyata?"

Madam Fosta ta dubi Darakta. Makullin ofis kawai take gani a idonta.

Sai muryar Baba: "Jama'a, ku biyo ni, ba nisa."

Ashe tun safe ya share tsohuwar rumfar, ya jera benci, ya ajiye ruwa da sabulu. Daga can kuwa abin kallo ne: ɗaruruwan balbelu na sauka, rana ta yi ja a kan tafki. Baƙi suka manta da tufafinsu, suka hau tambaya. Baba ya gaya musu inda tsuntsayen ke yini, da reshen da manyansu ke kamawa, da watan da suke ƙyanƙyasa.

Matar nan mai jaka ta ce, "Yarana ba su taɓa ganin haka ba. Zan kawo su, amma baban nan ne zai yi musu bayani." Sauran ma suka ce haka.

Washegari ƙarfe shida Madam ta iso. Ta tarar da shi yana wanke gindin bishiya. Ta cire takalmin, ta karɓi tiyon.

"Baba, ka yafe min. Me ya sa ka gyara rumfar, bayan abin da na faɗa maka?"

"Ina da 'ya kamarki, shekara uku tana neman aiki. Na san wuyarsa." Ya dubi ƙasa. "Riƙe da kyau mana, mai digiri, ƙafata kike wankewa."

An tabbatar da ita. Sabuwar fostar na ɗauke da bishiya, da balbelu, da hoton Baba. A ƙasa kuma, da jan rubutu: "Kada a tsaya a gindin bishiya."

Darasi: Kada ka raina maganar wanda ya riga ka sanin wuri don ka ga tsintsiya a hannunsa. Wani gyaran da kake gani ka yi alfahari, guminsa ne. Ku tura wa duk wanda ya fara sabon aiki, ya ji kafin abu ya ɗiso masa a ka.