Desmond da Busasshen Rafin Tallabrook

Desmond Pratley mutum ne da bai iya tambaya ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa bas a birni, don haka yake ganin ba a haifi wanda zai koya masa hanya ba. Da ya yi ritaya, shi da matarsa Noelene suka sayar da gidansu, suka sayi ɗakin tafi-da-gidanka irin wanda ake ja da mota, suka shiga zaga ƙauyukan tsakiyar Ostareliya. Gadonsu, tukwanensu, hotunan jikoki, komai nasu yana cikin ɗakin nan. Ba su da wani wurin komawa.

Al'adar masu irin wannan tafiya ita ce, duk garin da ka shiga ka tsaya a gidan mai, ka sha shayi, ka tambayi inda aka yi ruwa kwanan nan. Desmond kuwa mai kawai yake sha ya wuce.

Wata rana da hantsi suka iso Tallabrook, ƙauyen da gidajensa ba su kai ashirin ba. Merle, tsohuwar da ke sayar da mai, ta ji yana gaya wa Noelene za su yada zango a cikin busasshen rafin da ke gaba, saboda inuwa. Ta ce masa kwana uku ke nan ana tafka ruwa a duwatsun arewa, kuma duk ruwan ta rafin nan yake bi.

Desmond ya ɗaga kai ya dubi sama, tas, ko ɗigon gajimare babu.

"Baiwar Allah, rabon garinku da ruwa ai tun kina budurwa," in ji shi.

"Ni dai na gaya maka. Ku kwana a kan tudu."

Noelene ta roƙe shi a mota ya ji maganar tsohuwar. Ya ce mutanen ƙauye ba su da aiki sai tsorata baƙi. Ya gangara da ɗakin har tsakiyar yashi, ya kafa rumfa, ya miƙe ƙafa.

Wajen la'asar ruwan ya iso. Ba da ƙara ya zo ba. Wani jan ruwa ne mai kumfa, yana tura ƙirare a gaba, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa kasuwa. Kafin Desmond ya naɗe rumfa, ruwan ya kai idon sawu. Ya tayar da mota, tayoyi suka yi ta juyawa suna nutsewa. Ya cusa itace, ya tona yashi da hannu, ya sake gwadawa, ɗakin ko motsi bai yi ba. Waya babu sabis. Tallabrook tafiyar awa guda ce a mota, kuma motar ga ta nan ruwa ya kai mata ƙofa.

"Des, ka bari haka nan. Zo mu fita," in ji Noelene.

Da ƙyar suka hau gaɓa, riƙe da juna. Nan suka tsaya, tsofaffi biyu jiƙe sharkaf, babu abin da za su iya. Abin tausayi, Desmond sai sauka yake yi taku biyu, ruwa ya koro shi. Suna kallo ruwan ya kai taga, ɗakin ya karkata, ya kife, ya ja motar suka tafi tare.

Desmond ya zauna a ƙasa yana kuka. Noelene ba ta yi masa gori ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Tashi mu fita hanya mu nemi mai kai mu wurin matar nan ta gidan mai. Wannan karon tambaya za ka yi."

Darasi: Ƙwarewarka a wani wuri ba ta sa ka san ko'ina ba. Wanda ya tsufa a gari ya san abin da idon baƙo ba ya gani, ko da bai taɓa fita daga ƙauyensu ba. Idan ka sauka a inda ba ka sani ba, ka sauke girman kai ka yi tambaya, kuma in an gargaɗe ka ka ji, domin asarar da taurin kai ke jawowa ba kai kaɗai take ci ba, har da wanda ya amince ya bi ka.