Ragon Maza a Busasshen Rafi

Akwai wani makiyayi mai tumaki goma sha biyu, su ne gonarsa, su ne rumbunsa. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa takan nuna masa ragon maza a bakin fadama, ta ce, "Ɗana, ka shaida tsuntsun nan. Baƙin kai, jan fiffike, farin ƙirji, doguwar wutsiya. Ba ya rabo da duhuwa mai laima."

Shi kuwa sai dariya. "Haba Inna! Tsuntsun da tashi ma wuya yake ba shi? Ya yini cikin ciyawa yana bin fara da ƙadangaru. Me zan yi da shi?"

Kwanci tashi, tsohuwa ta rasu. Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Makiyayin ya kora tumakinsa neman ruwa, kwana biyu ba ko ɗigo. Biyu suka faɗi matattu, sauran suna tangaɗi. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa.

Can sai ya ji "bu-bu-bu-bu", kamar ana tuttule ruwa daga gora. Ya zabura ya bi sautin har wani busasshen rafi. Ba gora, ba mai gora, sai ragon maza a cikin duhuwa yana kallonsa da jajayen idanu.

Ransa ya ɓaci. "Au, kai ne? Ba'a kake mini?" Ya sunkuya ya ciro dutse zai jefe shi. Sai ya ji dutsen da sanyi, gurbinsa da laima. Nan take maganar Inna ta faɗo masa. Ya durƙusa yana tonon yashi da hannu biyu, bai kai kamu biyu ba ruwa ya tsattsafo. Tumaki goma suka sha, suka rayu.

Ya fashe da kuka. "Na gode, ya Ubangiji! Inna, ashe ajiya kika yi mini."

Ma'anar wannan misali ita ce: maganar Allah da iyayenku da malamanku suke maimaita muku, har kuna hamma, ajiya ce don ranar ƙishi. Tsuntsun ba shi ne ruwan ba, ya dai nuna inda yake. Haka ma mai koya muku, ba shi ne ruwan ba; Yesu yake nuna muku, Yesu kuwa shi ne ruwan rai.

Makiyayin ya yi godiya, amma wadda ta koya masa tana kabari. Naku suna raye. In an tashi sujada, kafin ku sa hannu a tuwo, ku je ku ce musu kun gode.