Tawul ɗin Madam Monica

Akwai wata mata a Fagge mai suna Kubura. Shekara goma sha ɗaya tana shara a wata makarantar firamare mai zaman kanta, har bayanta ya gaza. Likita ya hana ta sunkuyo. Hedimasta bai ɓoye mata ba, ya ce in zango ya ƙare ba ta iya riƙe tsintsiya, sai dai a nemo wata.

Ana cikin haka aka ce makarantar za ta ɗauki mai shigar da bayanan ɗalibai a kwamfuta. Kubura ta ce za ta nema. Har maigadi sai da ya dara. Shekararta arba'in da bakwai, ko kunna kwamfuta ba ta taɓa yi ba.

Ta tafi Sabon Gari wurin Madam Monica, mai shagon koyar da kwamfuta. Ranar farko Madam ta ɗora mata yatsu a kan kibod, wato allon haruffan kwamfuta, ta lulluɓe hannuwan da tawul.

"Madam, yaya zan ga haruffan?"

"Ba za ki gani ba, Mama. Laluba. Akwai ɗan tudu a kan F da J, nan ne gidan yatsunki. Duk inda suka je, su dawo gida."

Sati biyu tana buga shirme. A gida ta zana kibod a kan kwali, tana dannawa tana jiran tuwo ya nuna. Ni dai naci irin na matar nan yana burge ni.

Da suka shiga Excel, manhajar jera bayanai layi-layi, Madam ta ce, "Kowane layi gida guda ne: sunan yaro, ajinsa, lambar wayar iyayensa. In za ki jera sunaye, ki kwashi gidan gaba ɗaya. Kada ki raba yaro da uwarsa."

Ranar gwajin ɗaukar aikin su biyu suka zo, ita da wani matashi Abdulƙahhar, mai digiri da taƙama. Ya dube ta ya ce, "Inna, shara za a yi ne? Bari mu gama tukuna."

Ta ce, "A'a ɗana, ni ma gwajin na zo."

Aka ba kowa sunayen yara sittin ya shigar, sannan ya jera su daga A zuwa Z. Abdulƙahhar da yatsu biyu yake bugu, amma akwai sauri, ya riga ta gamawa. Sai dai wajen jerawa sunayen kaɗai ya zaɓa. Kwamfuta ta yi masa gargaɗi, ya danna ya wuce bai karanta ba. Sunaye suka sauya wuri, lambobin waya suka tsaya inda suke.

Hedimasta ya ce bari ya gwada. Ya kira lambar da ke gaban sunan Ikhlas a aikin matashin.

"Da mahaifiyar Ikhlas nake magana?"

Wata ƙatuwar murya ta ce, "Boniface ne, baban Cyprian. Lafiya?"

Hedimasta ya koma kan aikin Kubura ya kira lamba biyar, duka biyar daidai. Ya ce, "Ranar da yaro ya suma a aji, wannan zan buɗe. Malama Kubura, kujerar taki ce."

Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa ce mata Malama. Hawaye ya zubo mata.

Abdulƙahhar ya miƙe zai fita kansa a ƙasa. Ta kira shi, ta ja masa kujera kusa da ita. "Zo ka ga inda ka kuskure, ɗana, don gaba." Ya zauna, ta nuna masa.

Darasi: Ba a tsufa da koyo, kuma sauri ba ya maye gurbin natsuwa. Kada ka raina wanda ya fara daga ƙasa. Ka tura wa duk wanda ke cewa lokacin koyonsa ya wuce.