Sakatar da ke Bayan Barmo

Dalilin da ya sa kifin nan na cikin akwatin gilashin kawunku yake da ƙaya biyu a gadon baya, doguwa da gajera, rigimar ɗaki ce. Ku matso, amma kada wanda ya tsoma min yatsa a ruwan nan.

A da can bayansa sumul yake. Sunansa Barmo, yana zaune a wani rami a gidan duwatsun Gwaggo Ƙaguwa, can ƙasan teku. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, amma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin dutse a inda aka ajiye shi. Gwaggo ta fita kiwo, ta dawo ta tarar da dutsen da take matashi da shi a makewayi.

"Barmo, uban wa ya sa ka?"

"Gyara na yi miki, Gwaggo. Tsarin naki ne babu kan gado."

"To gobe ka kwashi kan gadonka ka bar min gida."

Hankalin Barmo ya tashi, don a teku wanda ba shi da rami abincin dare ne. Sai ya tuna dokar wurin: mai gida ba ya kora da baki, sai ya jawo mutum waje da hannunsa kafin ruwa ya janye, kuma ba a fasa bango.

Ya je wurin Bushiyar Teku ya roƙi ƙaya biyu. Ya kafa su a bayansa, ya shige rami, ya miƙar da doguwar ta tokare rufi, gajerar ta faɗa gindinta kamar sakata.

Da safe Gwaggo ta kama wutsiyarsa. Ta ja, ta ja, har ƙafafunta suka karkace. Maƙwabta suka taru suna dariya. Ruwa ya janye, ɗaki ya zama na Barmo.

Ya yi ta gurnani don daɗi, har yunwa ta kama shi. Ya zo fita, ina! Sakatar tana bayansa, shi kuwa ba shi da hannu. Ban taɓa jin wayo mara kai irin wannan ba.

"Gwaggo," ya ce da ƙaramar murya.

"Wa nake ji? Mai gida?"

"Don Allah danna min ƙaramar ƙayar nan."

"Ashe a nan asirin yake!"

Ta bari sai da cikinsa ya lafe, sannan ta danna. Doguwar ta kwanta, kamar an ja kunamar bindiga. Kafin yamma ta gaya wa duk teku, har labari ya kai kunnen masunta. Wata rana Barmo ya ga inuwar mutum, ya shige rami ya sa sakata yana ta fankama. Hannu ya shigo, ya danna gajerar, ya zaro shi salin-alin.

Shi ya sa har yau yake cin ƙaguwa da haushi, yake kwashe duwatsun da kawunku ya jera, yake cizon duk yatsan da ya gani. Ɗakin da ba mai korarsa ya nema. Ku dube shi da kyau, ya samu: gilashi ta ko'ina, ga murfi a sama.