Aikin Da Ya Hana Sai-Ni Zama

Akwai wani mai rubuta manhaja da abokan aikinsa ke kira Sai-Ni. Kamfaninsu yana kai wa marasa lafiya tukunyar iskar numfashi har gida. Manhajar tana can a girgije, wato a intanet, babu wata babbar na'ura da suke gadi a ofis. Oda na shigowa za ta farka, ta tura wa direba saƙo, ta koma barci.

Gwani ne, ba a musu. Sai dai duk saitunan, daga lambobin direbobi har mabuɗin tura saƙo, ya cusa su cikin rubutun manhajar kanta. Ko lamba ɗaya za a canza, sai shi ya buɗe, ya gyara, ya sake ɗora ta gaba ɗaya.

Abokiyar aikinsa ta sha roƙonsa ya fitar da saitunan, ya ajiye su a fayil na daban wanda manhajar za ta riƙa karantawa, yadda duk mai izini zai iya gyarawa. Dariya kawai yake yi.

"Ranar da kowa ya iya, ni kuma in koma tallan ruwa?"

Ranar wata Talata da hantsi, yana asibiti a gefen gadon mahaifinsa, wayarsa ta yi ƙara. Abokiyar aikin ce. Kamfanin da manhajar ke tura saƙo ta hanyarsa ya canza mabuɗi, babu direban da oda ta isa gare shi, ga mutane a gidajensu iskarsu na ƙarewa. Ta ce ta duba ko za ta iya, ta rasa ta inda za ta kama.

Tsohon ya riƙe masa hannun riga. Sai-Ni ya zame a hankali, ya ce yanzu zai dawo.

A ɗakin babu intanet mai ƙarfi, sai ya sauka ya zauna kan matakala kusa da taga, kwamfuta a cinya. Ya gyara, ya ɗora, ta ƙi. Ya sake.

Ƙanwarsa ta leƙo. "Yaya, Baba yana ta kiran sunanka."

"Ki ce masa ina zuwa. Saura kaɗan."

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juya.

Da ƙyar manhajar ta hau. Abokiyar aikin ta rubuto cewa direbobi sun kama hanya. Ya rufe kwamfutar, ya hau sama da gudu.

Ya tarar an ja labule. Ƙanwarsa na zaune a ƙasa, ta rungume takalman tsohon. Ba ta ɗago ba.

Mahaifin ya cika tun Sai-Ni yana kan matakala.

Darasi: Wanda ya ɗaure aiki a jikinsa don kada a iya yi sai da shi, kansa ya ɗaure. Ka ajiye abin da ke canzawa inda abokan aikinka za su iya kaiwa, ka koya musu tun kana da sarari. Ku tura wa duk wani Sai-Ni da kuka sani.