Tsuntsuwar da Lawwali Ya Gani a Waya

A daminar bara, lokacin da gero ya fara ƙosawa, Lawwali yana aikin malamin gona a Yankara. Ya yi karatu, ya san aikinsa. Aibinsa guda ne, bakinsa ba ya iya furta "ban tabbata ba". Manoma kan turo masa hoton ƙwaro ko na tsuntsu ta waya, ya ba da amsa kafin shayinsa ya huce.

Wata safiya kawunsa, Baba Gide, ya turo hoto daga Daudawa. 'Yar tsuntsuwa ce ruwan ƙasa a kan zangarniya a gonarsa, bakinta rawaya. Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara, domin ta nesa da gari ba ta shuku ba saboda rashin tsaro. Bayan hoton sai ya kira.

"Lawwali, ina ganinsu jefi-jefi. In janbaki ne masu cinye gona, in yanke geron haka nan ko bai gama ƙosawa ba."

"Gwara ce, Baba. Bar geronka ya ƙosa."

"Ba ka zuwa ka gani da idonka? Innarka ma ta ce ka manta hanyar gida."

"Mi zan gani wanda hoto bai nuna ba? Gwara dai ba ta cinye gona."

Tsoho ya yi dariya. "To, kai ka yi boko. Allah shi yi albarka."

Akwai abin da Lawwali ya taɓa karantawa, bai tsaya ya tuna ba. Macen janbaki bakinta kan koma rawaya idan lokacin ƙwai ya yi, kuma a hoto da ƙyar ake raba ta da gwara. A fili ake raba su. Gwara kan zo biyu-uku, janbaki kuwa kan tashi kamar hayaƙi.

Maƙwabta suka tsorata, suka yanke nasu geron tun yana ɗanye, suka shanya a gida. Baba Gide ya ƙi, ya ce ɗansa malamin gona ne. Gonarsa kaɗai ta rage a tsaye a wannan gefen. Ranar Juma'a, mutane suna masallaci, tsuntsayen suka taso daga fadama suka sauka. Kafin a sallame, babu zangarniyar da ta rage da ƙwaya.

Washegari Lawwali ya zo a kan babur. Ya tarar da kawunsa zaune a bakin gona, ya ajiye hula a gwiwa. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya nuna masa sararin fadama inda garken ke juyawa.

"Ka zo ke nan. To ga su can. Duba da kyau, ka faɗa mani sunansu."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda mutane suka dogara da saninsa, ya ji tsoron saurin ba da amsa. Cewa "ban tabbata ba, bari in zo in gani" ba ya rage wa malami daraja. Kuskurensa kuwa, sau da yawa ba a rumbunsa yake sauka ba, a rumbun wanda ya yarda da shi ne.